Foklif, bel ko 'yan dako: wanne ya dace da sitonka?

Duk mai siton da ya gaji da jiran 'yan dako, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya sayi foklif, wato injin nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba da ake tuƙawa ana ɗaga kaya da shi. Shawarar ba laifi, sai dai yawanci masu bayar da ita ba su leƙa cikin siton ba. Injin na iya zuwa lafiyarsa ƙalau, direba ya iya aikinsa, amma bayan wata uku a lulluɓe shi da tamfol a bakin ƙofa, saboda kayan da ke ciki ba irin nasa ba ne, ko daɓen ya fara farfashewa a ƙarƙashinsa. A ganina, kafin a kai ga maganar na wane kamfani za a saya, Toyota ko Heli, abubuwa huɗu ne za su yanke hukunci: yadda kayan suke zuwa, irin daɓen da ke siton, wutar da ake samu a unguwar, da kuma makanikin da za a kira ranar da injin ya tsaya.

A fara da kayan. Foklif ba ya ɗaukar buhu, falet yake ɗauka, wato dandamalin nan na katako ko roba mai ramuka a ƙasa inda yatsun injin ke shiga. Wanda aka fi gani faɗinsa mita 1.2 da mita 1, na Turai kuma mita 1.2 da santimita 80. To, dubi yadda kaya ke shigowa Dawanau. Masara, dawa, wake, riɗi, zoɓo, duk a buhu suke zuwa, a jibge cikin mota. Tirela guda ta taki ko shinkafa buhu 600 ce mai kilo 50, tan 30 ke nan. In kana son foklif ya sauke ta, sai an fara jera buhunan a kan falet da hannu, 20 a kan kowanne, falet 30 ga mota ɗaya. Ka ga ke nan babu buhun da ya tsallake kafaɗar ɗan dako. Idan kuma kayan mota goma kake ajiyewa, kana buƙatar falet 300, ga kuɗinsu, ga gara, ga ƙusar da ke tsaga buhu in katakon ya kwana biyu.

Foklif yana biyan kuɗinsa ne a wuri biyu. Ko dai kayan tun daga kamfani a kan falet suke zuwa, kamar katan-katan na taliya, lemo, man girki, fenti da tayil, ko kuma kayan za su motsa sau da yawa a cikin gida: daga sito zuwa injin tankaɗe, daga can zuwa sikeli, daga sikeli zuwa kwantena. Masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa galibi a wannan sahun suke. Ɗan kasuwar da buhunsa ke shiga sito sau ɗaya lokacin kaka, ya fita sau ɗaya da bazara, ba ya ciki.

Shi abin da ya dace da shi bel ne mai tafiya, irin mai tayoyi da ake turawa bakin mota. Tsawonsa kan kama daga mita 6 zuwa 12, ana ɗaga kansa a sauke gwargwadon tsayin tarin, motar lantarkin da ke juya shi kuma 'yar ƙarama ce, ƙaramin janareta ma yana jan ta. Mutum biyu suna ɗora buhu a ƙasa, biyu ko uku suna karɓa a sama suna jerawa. Abin da bel ɗin ya kawar shi ne hawa: babu mai taka katako ko tarin buhuna da kilo 100 a wuya. Bai damu da falet ba, bai damu da santsin daɓe ba, kuma gyaransa bai wuce bel, boris da mota ba, abubuwan da kowane mai gyaran injin niƙa ya sani. Masu walda irin na Panteka a Kaduna suna iya haɗa gangar jikinsa, sai dai a sayi bel mai kyau mai tudu-tudu, don mai santsi yana sako buhu baya da zarar an ɗaga kan sosai, musamman buhun leda. Rauninsa shi ne layi ɗaya ya sani. Ba ya shan kwana, ba ya shiga lungu, kuma ba ya ɗaukar duro ko injin.

Su kuwa 'yan dako, kada a raina abin da suke yi. Ba sa jiran wuta, ba sa jiran safaya daga Legas, suna shiga inda babu injin da zai shiga, kuma kuɗinsu a kan buhu ne: ranar da babu mota babu biya. Ga mai harkar kaka wannan ba ƙaramin abu ba ne, don injin ko yana aiki ko ba ya yi kuɗinka na kwance a jikinsa. Amma akwai farashin da ba ya fitowa a littafin mai sito. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, buhun masararmu kuwa ya kusa ninka haka. Baya da gwiwoyin mutum ne ke biya, shekaru kaɗan a gaba. Sannan wanda zai shigo da inji cikin kasuwa ya zauna da shugabannin 'yan dakon layinsa tun kafin injin ya iso. Abincinsu ne ake taɓawa, kuma ko da bel ko da foklif, su ne dai za su jera kayan.

Idan kayanka a kan falet suke, kada ka yi tsalle zuwa foklif tukuna. Akwai jak ɗin hannu, mai yatsu biyu da mariƙi da ake bugawa sama da ƙasa. Yana ɗaukar tan 2 zuwa 2.5, amma ɗagawarsa ba ta wuce santimita 20 ba, iya abin da zai raba falet da ƙasa a ja shi. Ba mai, ba batir, kuma da kuɗin foklif ɗaya za ka sayi jak da dama har ka yi canji. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: daɓe mai santsi kuma a miƙe. Tayoyinsa ƙanana ne, tsakuwa guda tana tsayar da shi, a gangara kuma tan biyu za su ja mutum ne maimakon ya ja su. Yayansa shi ne sitaka mai batir, wanda mutum ke bi a ƙafa. Wannan yana ɗaga tan 1 zuwa 1.5 har mita 3 ko fiye, ya ɗora a kanta ko a bayan mota, kuma yana juyawa a hanyar da ba ta kai mita biyu da rabi ba. Ga shagon sari na magunguna ko kayan masarufi mai sito madaidaici, jak biyu da sitaka ɗaya sun fi foklif amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu ga foklif ɗin kansa, kuma a nan ne aka fi yin asara, don haka bari mu ɗan daɗe.

Lambar da aka rubuta a jikinsa, tan 2.5 ko tan 3, ba alkawari ba ce a kowane hali. Injin yana aiki ne kamar sikelin hannu: tayoyin gaba su ne tsakiya, kayan suna gefe ɗaya, ƙaton ƙarfen da ke bayansa yana ɗaya gefen. An auna ƙarfinsa ne a kan cewa tsakiyar nauyin kayan tana santimita 50 daga gindin yatsu (wasu kamfanonin 60 suke amfani da shi). Da zarar kayan sun yi tsawo, tsakiyar nauyin ta matsa gaba, ƙarfin sai ya ragu. Injin tan 2.5, in tsakiyar nauyin ta koma mita ɗaya, abin da zai ɗauka lafiya bai fi tan 1.6 zuwa 1.7 ba. Haka in an ɗaga sama sosai, haka in an ɗaura masa wani abu a gaba, kamar matsen ɗaukar dilar auduga ko na duro, don nauyin matsen daga cikin ƙarfin injin ake cire shi. Duk wannan yana rubuce a farantin ƙarfe kusa da kujerar direba. Injin da aka kankare farantinsa ko aka shafe shi da fenti, ni ba zan saya ba. Kuma in ka ga ana sa mutane su hau bayan foklif don kada ya ɗaga ƙafa, injin ya riga ya gaya maka kayan sun fi ƙarfinsa.

Sai daɓe. Foklif mai ɗaukar tan 3, shi kansa ya haura tan 4. In ya ɗauki kaya an wuce tan 7, kuma kusan duka nauyin yana sauka ne a kan tayoyin gaba biyu. Daɓen da aka zuba don buhu da ƙafar mutum, siminti siriri ba rodi, ba zai yi shekara ba. Fashewar kan fara ne daga bakin ƙofa da wuraren juyawa. A kira injiniya ya duba kafin a saya, kuma a sa kuɗin sabon daɓe cikin lissafin injin, don wani lokaci yakan yi kusa da shi. A auna hanyoyin da ke tsakanin kaya ma: foklif na yau da kullum yana son mita 3.5 zuwa 4 kafin ya juya da falet. Wannan fili ne da ka saba cikawa da kaya, yanzu kuma za ka bar shi fanko.

Taya ma magana ce. Mai iska ta fi daɗi a tsakar gida mai rami da tsakuwa, amma ƙusa na fasa ta. Ta roba zalla ba ta faci, ta dace da wurin ƙarafa da gilasai, sai dai tana jijjiga direba da kaya. Wanda filinsa ke zama taɓo da damina ya sani cewa ƙaramin foklif cikinsa a ƙasa yake, yana kafewa a inda a-kori-kura za ta wuce ba wahala.

Tsakanin mai dizal, mai gas da mai batir fa? Mai dizal shi ne jakin aiki a waje: yana jure rana, gangara da aikin yini guda, an zuba mai an ci gaba, kuma injinsa bai yi nisa da na ƙananan motocin ɗaukar kaya ba, don haka makanikinsa ba ya wuyar samu. Laifinsa hayaƙi. A rufaffen sito yana cutar da ma'aikata, kuma kayan abinci irin su riɗi, citta da zoɓo suna ɗaukar wari da baƙin toka, abin da mai saye a waje ba ya yafewa. Kusa da auduga kuma tartsatsin salansa abin tsoro ne. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iska da lagireto cikin kwanaki, sai an riƙa hurawa akai-akai. Mai amfani da tukunyar gas irin na girki hayaƙinsa ya fi sauƙi, yana shiga ciki ya fita waje, canza tukunya minti kaɗan ne. Amma shi ma yana fitar da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari, don haka sai wurin da iska ke ratsawa, kuma masu gyaran bututun gas ɗinsa ba su kai na dizal yawa ba.

Mai batir ba hayaƙi, ba ƙara, ba juyen baƙin mai, kuma in za a bi lissafin takarda shi ya fi araha a gudanarwa. Mu ɗan buga. Foklif mai dizal na tan 3 yana shan lita 2.5 zuwa 3 a awa in aiki ya yi aiki, wato lita 20 ko fiye a yinin awa takwas. Takwaransa mai batir, mai bolt 80 da amfiya-awa 500, cikinsa yunit 40 ne na wuta, a ce 45 da abin da caja ke ɓatarwa. Ko da kuɗin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta a Nijeriya, wanda aka ɗaga ya haura naira 200 kan yunit a watan Afrilun 2024, cika shi a lokacin wajen naira 10,000 ne, alhali a shekarar lita 20 ta dizal ta haura naira 20,000. Amma wannan lissafin na wanda wuta ke zuwar masa ne. In da janareta za ka yi caji, lita guda ba ta ba ka fiye da yunit 3 da ɗan wani abu, sai ka ƙona wajen lita 15 don cika batirin. Ribar ta kusa tafiya, ga tsadar injin tun wajen saye.

Batirin ma iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne a wurinmu. Mai ruwa, na dalma, yana son wajen awa takwas a kan caji ba yankewa, ya huta ya huce, a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, ba na rijiya ko na famfo ba. Yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ɗakin cajinsa sai da tagogi. Yanke masa caji da zafin watan Afrilu na Kano, duka biyun suna rage masa kwana. Na litiyam yana cika cikin awa ɗaya zuwa biyu, ana iya soka shi lokacin sallar Azahar a cire, ba ruwansa da ƙarin ruwa, kuma ya fi dacewa da wanda ya kafa sola a rufin sitonsa. Tsadarsa ce matsala, sannan in na'urar da ke kula da shi ta samu tangarɗa, makanikin bakin titi ba shi da abin yi, sai wakilin kamfani da kwamfutarsa. Hukuncina a nan: masana'antar abinci ko magani mai tsayayyar wuta ta ɗauki mai batir, mai aikin tsakar gida, bulo, rodi, tayil, ko wanda wutarsa sai an ga dama, ya tsaya a kan dizal.

Masu loda kwantena su ƙara kula da abu ɗaya. Ƙofar kwantena ta yau da kullum tsayinta kusan mita 2.28 ne. Foklif da yawa ginshiƙinsu, wato ƙarfen tsaye na gaba da yatsun ke hawa a jikinsa, ya fi haka ko a sauke, wasu kuma suna shiga amma da an fara ɗaga yatsu sai kan ginshiƙin ya tokari rufi. Abin da za ka nema shi ne mai ginshiƙi hawa uku wanda yatsunsa ke tashi fiye da mita guda kafin ginshiƙin ya fara miƙewa, kuma ƙarami, tan 2 zuwa 2.5. Kana kuma buƙatar dakalin lodi daidai tsayin mota ko gadar ƙarfe ta hawa. In kayan a kan falet na katako za su fita ƙasar waje, sai wanda aka kashe ƙwarin katakonsa aka buga masa hatimin shaidar hakan, wato ISPM 15, in ba haka ba a tsare kayan a can. Ita kanta kwantenar in ta cika, ɗaga ta ba aikin foklif ɗin sito ba ne. Wannan na manyan injinan tan 45 ne irin na tashoshin tsandauri, kamar ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023.

Akwai kuma foklif mai miƙa hannu, wato mai tura yatsunsa gaba cikin kanta, wanda ake gani a manyan ɗakunan ajiya masu kantocin ƙarfe har rufi. Yana aiki a hanya mai faɗin ƙasa da mita 3, yana kai kaya mita 10 ko fiye. Inda fili ke da tsada kuma rufi ke da tsayi, ya yi. Amma batir kawai yake amfani da shi, ba ya fita tsakar gida, kuma daɓensa sai ya miƙe sosai, don 'yar karkata a ƙasa takan zama babba a can sama. Situnanmu kaɗan ne aka gina dominsa.

Wani kayan kuma ba na yatsu ba ne sam, na ƙugiya ne: injin mota, taransifoma, janareta, naɗin ƙarfe, dogayen bututu. In ɗagawar jefi-jefi ce kuma a wuri ɗaya, sarƙar nan da makanikai ke kira cen-bulok, a rataye a ƙarfe mai ƙafafu, ta wadatar, daga tan 1 har 5 da ƙarfin hannun mutum guda. Abin dubawa shi ne inda aka rataye ta, don sarƙar tan 3 a jikin ƙarfen rufin da aka yi don kwano neman magana ne. In kullum ake ɗagawa daga wannan bango zuwa wancan, sai ƙugiyar sama mai tafiya a kan dogo, wadda ba ta cin filin ƙasa, amma tun wajen gini ake shirya mata ginshiƙai. Wanda kuma ke kai kaya masu nauyi inda babu abin saukewa, motar da ke da ƙugiya a bayanta, wadda kowa ke kira Hiab ko da wane kamfani ya ƙera ta, ita ce tasa, kuma yawanci hayarta ta fi sayenta. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta wajabta a rubuta iyakar nauyi a jikin irin waɗannan kayan, kuma ƙwararre ya riƙa duba sarƙoƙi da ƙugiyoyi lokaci-lokaci.

Saura maganar sabo, na hannu ko haya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon Toyota, Hyster ko Linde ya fi ƙarfin yawancin 'yan kasuwa, sai zaɓin ya koma tsakanin sabon ɗan Sin, irin Heli da Hangcha, da tokumbo ɗan Japan ko Turai. Ɗan Sin yana zuwa da garanti in ta hannun wakili ka saya, tokumbon Japan kuma an san shi da juriya, amma ba ka san wahalar da ya sha ba. Ni tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce wannan: in famfon haidirolik ya mutu ranar Talata, yaushe wani zai iso Kano ko Maraɗi, kuma wa zai ɗaura shi? Ka je Ƙofar Ruwa ko wurin wakilin ka tambayi matata, silin silinda da birkin samfurin da kake so kafin ka biya. Mai aikin wata uku ko huɗu a shekara kuwa ya yi haya da direba, ya bar wa mai injin ciwon kan gyara.

Direban ma a sa shi cikin kasafi. Iya tuƙa mota ba iya foklif ba ne. Da tayoyin baya yake shan kwana, gindinsa na fita waje ya daki abin da direba bai kalla ba. Ana tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, a gangara kuma kayan su kalli ɓangaren tudu, ko da za a sauko da baya ne. In injin zai kife, wanda ya yi tsalle shi rufin ke dannewa, shi ya sa aka sa bel a kujerar. Kuma ba a ɗaga mutum a kan yatsu don ya canza ƙwan fitila, komai saurin da ake yi.

In tokumbo ka tsayar, kada ka yarda da agogon awa shi kaɗai, ana canza shi. Injin da ya haura awa 10,000 ya ci ƙarfinsa, kuma alamun na nan a feda da ta sule, da kujera, da sitiyari mai wasa. Je da makanikinka da safe a tayar da shi yana sanyi, ku kalli launin hayaƙin. Ku duba gindin yatsu: in kaurin ya ragu da kashi ɗaya cikin goma, ko an taɓa yi musu walda, sai an canza su. Ku ɗora masa kaya na gaske, a ɗaga sama, a kashe injin, a jira minti goma a ga ko yatsun suna saukowa da kansu ko ginshiƙin yana sunkuyawa. In mai batir ne, ku nemi shekarar da ke jikin batirin, ku sa shi aiki na awa biyu kuna kallon yadda cajin ke sauka, don sabon batir kaɗai na iya kusan kuɗin da aka sa wa tsohon injin gaba ɗaya.